Ranar da Najiba Ta Rufe Motar Dakta Maisun

Najiba ba ta iya barin abu mai daraja a buɗe ta yi barci mai daɗi. Gadon hali ne. Mahaifiyarta a Gwammaja har rediyo sai da ta ɗinka wa riga, kujerun falonta kuwa shekara goma sha ɗaya suka yi ba a cire musu ledar kamfani ba. To ga shi an damƙa wa 'yar wannan mata amanar mota sukutum, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, irin wadda Larabawa ke kira karafan, kuma mijinta Ɗalhatu ya kafe a kan ba za a rufe ta ba.

Motar ta Dakta Maisun ce, shugabar ƙaramin asibitin da Najiba ke ba da magani a unguwar Karama da ke Dubai. Da sanyi Dakta ke shiga sahara da ita, ita da 'ya'yanta. A watan Maris na shekarar korona ta je Amman duba mahaifinta, jirage suka daina tashi, ta maƙale a can. Ranar da za ta tafi, duk Larabawan da ke asibitin nan ta tsallake su, ta sa makullin a tafin hannun Najiba, ta ce, "Ke na yarda da ke, habibti." Tun daga ranar Najiba take lallaɓa wannan magana kamar ƙwai a cokali.

Motar tana ajiye a wani fili bayan garejojin Khabaisi, ba inuwa ba rumfa. Da zafi ya fara shigowa Najiba ta tayar da maganar tampol. Da farko Ɗalhatu cewa ya yi to, za a saya. A watan Mayu sai ya karɓi makullin, wai zai riƙa tayar da injin kada batir ya mutu, tunda ofishinsu na kago, masu jigilar kaya, yana kusa. Daga nan bakinsa ya canza.

"Nan ba Kano ba ce," ya ce mata wata safiya yana ɗaura agogo. "Iskar garin nan ruwa ce zalla. Kika naɗe mota da tampol, gumi za ta yi ta ciki, katifu su yi fumfuna. Iska ta kaɗa, yashi ya shiga tsakani ya goge fentin tas."

"Abban Muhsinat, yaushe ka zama makanike?"

"Tambaya na yi."

"Wa ka tambaya?"

Ya ɗauki takunkuminsa ya fice.

Maganar gaskiya, bayaninsa ba shirme ba ne. Amma Najiba ba bayanin take saurare ba, idonsa take kallo, kuma shekara biyar da aure ta san Ɗalhatu bai iya ƙarya ba. In zai yi ta, sai ya kama gyaran abin da ba ya bukatar gyara: maɓallin riga, agogo, hular da ke zaune daram.

Sai ga maganar kula. Mutumin da kullum yake cewa shinkafar Indiyawan ƙasan ofis ta ishe shi, rana ɗaya ya ce a riƙa zuba masa abincin gida, kuma a cika, akwai abokin aiki. Wannan abokin aikin ba ya son magi, sai daddawa. Ba ya son yaji sosai. In an yi miyar kuka, a ƙara man shanu. Najiba tana zubawa tana ƙwafa, tana cewa a ranta wannan wane irin baƙo ne mai ba da oda a tukunyar da bai sani ba. Sannan ya koma shiga banɗaki da waya. Ranar da ta ce ya ba ta makullin ta je ta share motar, cewa ya yi ya manta shi a ofis. Washegari ma ya manta.

Ba mace take zargi ba, ta san mijinta ta wannan fannin. Abin da ke cin ta ya fi haka muni a wajenta. A watannin nan mutane da yawa sun rasa aiki, sun rasa ɗakin kamfani, kuma ta ji yadda wasu ke ba da hayar gado a ko'ina, har a sito. Ta gama yanke hukunci: Ɗalhatu ya zuba 'yan haya a motar Dakta. Ta hango ƙarti huɗu suna soya kifi a kicin ɗin baiwar Allah, suna shanya gajeren wando a sitiyari. Ta hango hukuma ta zo ta tarar da su, a tambayi mai makulli, a ce Najiba. Aiki ya tafi, biza ta bi shi. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne fuskar Dakta Maisun, ranar da za ta gane cewa ta yi kuskuren yarda.

Da a da ne, da tuni ta kai ƙara wajen Yaya Shu'aibu. Shi ne babban wansu, shi ya riƙe gidan bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai ta makarantar haɗa magunguna, shi ya samo mata hanyar Dubai, shi ya ba da aurenta. Ko sunansa ba ta iya faɗa, Yaya kawai. Shekararsa goma sha biyu a wani kamfanin tafiye-tafiye, kuma bai taɓa zama a fulat ɗinsu na Abu Hail ya wuce minti ashirin ba. Ya sha ruwa, ya ɗauki Muhsinat ya yi mata wasa, ya miƙe. Babba ba ya baje kafa a ɗakin auren ƙanwarsa, haka aka taso da su. Kwanan nan kuwa ya ce kamfani ya mayar da su Fujaira, aiki ya yi yawa, layin can ba ya ɗaukar bidiyo. Ba ta so ta ɗora masa damuwa.

Ta dai tura wa Dakta saƙo, ta tambaye ta ko a rufe motar. Dakta ta amsa cewa ta yi yadda ta ga ya dace, in za a rufe a samu irin yadin da iska ke ratsawa. Najiba ta karanta rabin farko, ta bar rabin ƙarshe. Yadin da iska ke ratsawa ai ƙura ma za ta ratsa shi. Ta je wajen 'yan kago a Deira ta sayi tampol shuɗi mai kauri, irin wanda ake lulluɓe kaya a kan tirela, da igiya ɗauri biyu. Dabararta mai sauƙi ce. Motar da aka naɗe aka ɗaure ba mai kwana a cikinta, kuma duk wanda ya kwance, ya tona kansa.

Ranar Talata take hutu. Ta bar Muhsinat wajen maƙwabciya, ta ɗauki tasi, ta isa filin wajen sha ɗaya na safe. Watan Yuni ne, rana ta riga ta fara dukan mutum ta ƙeya, takunkuminta ya jiƙe kafin ta kai ƙofa.

Maigadin filin, Sualah, dattijo ne daga zangon Kumasi, mai furfura a gemu. Yana ganin ta da tampol ya miƙe har kujerarsa ta faɗi.

"Hajiya, lafiya? Alhaji Ɗalhatu bai ce za a zo ba."

"Sai na nemi izini kafin na ga amanata, Baba Sualah?"

"A'a, ba haka ba. Amma wannan leda, wallahi ba kyau. A jira Alhaji shwayya, kaɗan kawai. Yanzu-yanzu zan kira shi."

Ita kuwa idonta ya riga ya sauka a kan abin da ta zo nema. Wani baƙin kebul ya fito daga ɗakin maigadi, ya bi ta ƙasan yashi, ya shige gefen motar. Esin saman motar yana ta gurnani. An ja labule a kowace taga. A bakin ƙofa ga sawun silifas, an share amma ba a share da kyau ba. Ta murɗa ƙofar, a kulle. Ta buga da tafin hannu, ta yi sallama, ta sake yi da Turanci. Shiru.

"Wa ke ciki?"

Sualah ya dubi ƙasa. "Ba kowa. Alhaji ya ce a kunna, don katifa."

"Don katifa," ta maimaita. "Madalla. Tunda ba kowa, ba wanda zai ji zafi."

Ta sunkuya ta fizge kebul ɗin. Gurnanin ya tsaya cak.

Sualah ya ce innalillahi, ya ruga ɗakinsa neman waya. Najiba ta leƙa garejin da ke maƙwabtaka ta kira ma'aikata biyu. Cikin minti goma sun haye da tsani, sun ja tampol ɗin daga gaba har baya, ya rufe tagogi, ya rufe ramin iska na sama, ya rufe ƙofa. Da hannunta ta zagaya da igiya ta ƙarƙashi, ta yi irin ƙullin da mahaifiyarta ke yi wa buhun gero. Duk tsawon wannan aiki tana kasa kunne. Tari take jira, ko motsi, ko wani ya daki bango ya ce a yi haƙuri. Ba abin da ta ji.

Ma'aikatan suka koma. Ta ja da baya ta dubi aikinta. Motar ta zama wani ƙaton shuɗin ƙunshi, rana na dukan sa har yana sheƙi. Ya kamata ta ji sanyi a ranta, amma ba ta ji ba. Shirun ne ya fara ba ta tsoro. In da gaske ba kowa, ta zargi mijinta a banza. In kuma akwai mutum, wane irin mutum ne zai gwammace ya dahu da ya ce uffan?

Daga ɗakin maigadi tana jin Sualah yana cewa, "Alhaji, yalla, ka zo yanzu, an ɗaure!" Wato duk bakinsu ɗaya. Hawayen takaici ya cika mata ido. Ta ce yau kam ko Yaya yana tsakiyar aiki sai ya ji abin da mutumin da ya ba wa aurenta yake yi. Ta ciro waya ta danna lambarsa.

Ta kunnenta ta fara jin ƙarar. Sannan ta ji ta wani wajen, can ƙasa-ƙasa, daga cikin tampol.

Ta sauke wayar daga kunne a hankali. Ƙarar ta ci gaba, sau uku, sau huɗu. Aka ɗauka.

"Auta," ya ce. Muryar a shaƙe take, tana jin ta a waya tana kuma jin ta ta bango. "Kwance igiyar nan."

Ta durƙusa ta kama igiyar. Ƙullin da ta yi alfahari da shi ya ƙi kwantuwa, farcenta ya karye, sai da Sualah ya zo da wuƙa. Suka ja tampol ɗin ya zube. Ƙofa ta buɗe, wani hucin zafi ya fito kamar an buɗe murfin tukunya.

Yaya Shu'aibu ya tsaya riƙe da ƙofar, jallabiyarsa ta manne a jiki, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. A bayansa ta ga gado a gyare tsaf, darduma a ninke, takardun neman aiki a jere a kan tebur, da kularta a wanke an kife ta a kan tawul. Ko a gidan Dakta motar ba ta taɓa yin wannan tsabta ba.

"Kamfanin ya rufe tun azumi," ya ce, bai dube ta ba. "Suka karɓi ɗakin. Ɗalhatu ba shi da laifi, ni na sa shi ya rantse. Har kuka ya yi mini a kan in zo gida."

"Yaya, ka ji muryata fa. Ka ji ina bugawa."

"Na ji."

"Da ban kira ba fa?"

Ya karɓi ruwan da Sualah ya miƙo masa, ya zauna a matakalar motar, ya sha rabi, ya zuba sauran a ka. Ta san amsar. Da sai dai a fito da gawarsa.

"Mu tafi gida," ta ce. "Akwai falo. Don girman Allah, Yaya."

"Ciki da falo, da banɗaki ɗaya, ina fitowa ina karo da mijinki da tawul?" Ya girgiza kai. "A'a, Auta. Ki dai gaya wa mai motar gaskiya yau. In ta ce in fita, zan fita. Abin da ya fi damuna ke nan tun da na shigo."

Najiba ta ce za ta gaya mata, kuma ta san abin da hakan zai iya jawowa. Ta tashi ta kakkaɓe gwiwa, ta je ta ɗauko kebul ɗin daga cikin yashi. Ta mayar da shi inda ta fizge shi. Esi ya yi tari, ya kama.

Ta dawo ta tsaya nesa kaɗan, kamar yadda ta saba tsayawa a gabansa. Haƙuri take son ta ba shi. Abin da ya fito shi ne, "Miyar jiya, ta yi?"

Yaya Shu'aibu ya goge fuska da hannun riga.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," ya ce. "Irin na Inna."