Wuƙar Cukun Malama Nevena

A makarantar ƙauyen nan na kan dutse yara bakwai ne kacal a aji huɗu, littafin labari kuwa ɗaya. Malama Nevena ce ta tsinto shi a ƙasan wani akwati a ɗakin karatu na ƙauye. Irin bugun da can ne, wanda takardunsa suke zuwa a naɗe, sai an sa wuƙa an tsaga kafin a ga cikinsu. Ya shekara tamanin ba wanda ya buɗe shi. Da wuƙar yankan cukunta Malama take tsagawa, har labarin ya ɗauki warin cukun tumaki.

In karatu ya kai bakin naɗi sai ta tsaya, kowa ya faɗi abin da yake jin zai faru, ya kuma ɗora yatsa a kan layin da ya sa ya ce haka. Wanda dalilinsa ya fi ƙarfi shi ke riƙe wuƙa, ko da hasashensa bai faɗa daidai ba.

Kowa ya taɓa riƙewa ban da Ralitsa, ga shi naɗi biyu suka rage.

Labarin na wani makiyayi ne da aka sace ƙararrawar wuyan bunsurunsa. Da aka fita tara, Ralitsa ta dawo aji a sace, ta hura iska a cikin naɗin har ya buɗe baki, ta kanne ido ɗaya ta leƙa.

"Wa ya ɗauki ƙararrawar?" in ji Malama bayan an dawo.

"Tana wuyan jakin mai niƙa," in ji Ralitsa, tun kafin a kira sunanta.

"To, madalla. Nuna mana layin."

Yatsan Ralitsa ya yi ta yawo a shafin bai sami wurin sauka ba.

"Malama, ki dubi hancinta," in ji Zdravko, wanda yake zama kusa da murhun ɗumama aji. "Ƙurar shekara tamanin ce a kai. Ke Ralitsa, da hanci kike karatu?"

Aji ya kwashe da dariya. Ita ma Malama sai da ta ciji leɓe.

"Na leƙa," in ji Ralitsa, kanta a sunkuye.

"To wannan naɗin ya wuce ki, 'yata. Saura ɗaya."

Wata yarinya ce ta tsaga, aka kuwa tarar da ƙararrawa a wuyan jakin. Ana cikin karantawa Ralitsa ta tuna wani abu. Ta roƙi littafin, ta koma baya har shafi na biyu.

"Makiyayin ba zai karɓi ƙararrawarsa ba," in ji ta. "Ga shi nan ya ce ƙararta tana hana shi barcin rana. Ga nan kuma, da ta ɓata, ya ce bai taɓa jin kukan tsuntsaye haka ba."

"Wa zai bar wa ɓarawo kayansa?" in ji Zdravko.

"Kai ina layinka, sarkin murhu?" in ji Ralitsa.

Zdravko ya duba, ya sake dubawa, ya sosa ƙeya. Malama ta goge wuƙar a gefen rigarta ta miƙa wa Ralitsa.

Ta tsaga, takardar ta ɗan karkace. Ta karanta da ƙarfi: makiyayi ya karɓe ƙararrawarsa, ya cusa mata ulu a ciki don ta yi shiru, ya mayar wa bunsuru.

"Kin faɗi," in ji Zdravko.

"Rabi na faɗi," in ji Ralitsa. "Malama, in yanka miki cukun ma?"