Hannun Yaya

Tun da injin yankan fata ya cinye mata yatsu biyu a kamfanin takalma, Yaya ta daina fitar da hannun dama a gaban mutane. Kamfanin ya biya asibiti, ya sallame ta da takardar yabo. Ta dawo gidan mahaifiyarsu, inda kowa Yaya yake ce mata, har Innar da ta haife ta. Ta share ɗakin ajiya na baya, ta fitar da mataccen firji da tsofaffin bokitan fenti, ta kafa tebur a gindin taga.

Da guntayen fatar da masu ɗinkin kujeru ke zubarwa ta fara. Sai da ta koya wa sauran yatsun riƙe basilla, ta huda kanta har ta daina jin zafi. A nan ta fito da wata jaka tata ta kanta: fata guda ce ake naɗewa, ba zif, ba maɓalli, sai wani ɗan harshe da ke shigewa cikin tsaga ya kulle. Ta yanka samfurin a kwali ta rataye a ƙusa. Ɗinkinta kuwa kai ka ce da magwaji aka jera shi.

Ranar da ta fara kai kaya kasuwar masu sana'ar hannu, wadda ake ci a harabar wani babban kanti, baƙar safa ta sa a hannun. Mutane suka ɗaga jakar, suka shinshina, suka ce ta yi kyau, suka ajiye. Wata ɗaliba ce kaɗai ta saya. Yaya ta dawo tana murna duk da haka, don yarinyar ta daɗe tana buɗewa tana rufewa tana dariya.

Ƙaninta Auta bai ga abin murna ba. Shi ya gama karatu yana zaune, ba abin da ya iya kamar latsa waya.

"Yaya, kayanki ba su da labari," in ji shi. "Yanzu labari ake saye."

"Jaka nake sayarwa. Mai son labari ya kunna rediyo."

Auta ya fice abinsa. Ashe ya laɓe a bakin taga ya ɗauke ta bidiyo tana aiki ba safa, dungulmin yana danne fata, basilla na shiga tana fita. Ya ɗora waƙa mai sa kuka a kai, ya rubuta cewa da wannan hannun take ciyar da marayunta, ya saki a intanet. Yaya ko aure ba ta taɓa yi ba.

A wayar maƙwabciya ta gani. Ta shigo gida, ta iske Auta a tsakar gida yana amsa kira ɗaya bayan ɗaya.

"Ka goge shi yanzu. Waɗanne marayu?"

"Ni mana. Baba bai rasu ba?"

Inna, da ke tsintar shinkafa, ta yi dariya har da tari. "Ke dai ki gode wa Allah. Hannun da kike ɓoyo ga shi ya zama abin arziki. Yaro ya yi miki hanya, za ki tsaya kina tsiya?"

Oda ta yi ta zuwa har Yaya ta rasa lokacin fushi. Auta ya zama manaja, ya sayi takalmi mai tsini. Ya buga wani ɗan tambari da ake liƙawa a cikin kowace jaka, zanen tafin hannu mai yatsu uku. Sannan ya kawo wata Hajiya mai shagon kayan ƙawa a titin manyan kantuna, wadda ta ce za ta ba Yaya wuri kyauta, in dai a shagon za ta riƙa aiki.

Wurin kuwa bayan gilashin gaba ne, inda a da ake tsayar da mutum-mutumi. Aka sa mata tebur da fitila mai haska hannu. Masu wucewa su tsaya su manna goshi. Wasu su shigo su ce "Allah sarki", su ɗauki jaka ko buɗe ta ba su yi ba. Wata mata ta jawo ɗanta har gaban teburin.

"Duba da kyau. Ka ga abin da ke samun wanda ya ƙi karatu?"

Yaron ya fashe da kuka. Uwar ta sayi jaka biyu, ta nemi a yi musu hoto.

Yaya ta ci gaba da ɗinki. Tana gaya wa kanta cewa ko ta wace ƙofa jakar ta shiga gida, wata rana mai ita za ta lura da ɗinkin.

Hajiya ce ta fara lura. Ta zo ta tsaya a kanta, ƙamshin turarenta ya rufe warin gam, tana juya wata sabuwar jaka.

"Baiwar Allah, aikin nan ya cika kyau. Kwastomomi sun fara cewa inji ne. Wata ma cewa ta yi ƙarya muke, mai hannu irin naki ba zai yi wannan ba. Ki ɗan riƙa karkata ɗinkin. A ga wahala a jiki."

"Hajiya, in ɓata aikina da gangan?"

"Wa ya ce ki ɓata? Ki dai yi shi daidai ke."

Auta na gefe yana gyaɗa kai. "Gaskiya ne, Yaya. Ni ma na so in faɗa."

Washegari Yaya ta zo da safarta ta sa, ta zauna tana ɗinki a miƙe kamar kullum. Mutane suka leƙa suka wuce. Can wajen azahar wasu baƙi suka cika shagon, wayoyi a sama, an ce musu ga inda mai hannun take. Auta ya matso yana murmushi, ya sunkuya kamar zai gaya mata magana, ya kama bakin safar ya fizge. Ya ɗaga hannun nata sama kamar na wanda ya ci dambe. Aka tafa.

Ba ta mare shi ba, ko da yake ta so. Ta tattara basillarta da zarenta ta fita, ta tako har gida a ƙasa.

Ta yi zaton in ta zauna a gida abin zai mutu. Sai da ta je ɗaukar samfurin kwalinta ta ga ƙusa wayam. Auta ya kai wa wasu masu ɗinki a bayan tasha, suna yanka fatar roba suna ɗinkawa a karkace yadda Hajiya ke so, ana liƙa tambari. A bayan gilashi kuma aka kafa babban allon bidiyo, hannun Yaya na ɗinki a ciki daga safe har a tashi, ba ya gajiya, ba ya sa safa.

Ta kai ƙara wurin Inna. Inna na zaune a sabuwar kujerar da Auta ya sayo, ta ce, "Ke kika zubar, shi ya tsinta. Kuma ƙaninki ne, in ya samu ai gida ya samu."

Yaya ta sake yanka wani kwalin daga ka, ta koma harabar kantin nan da tebur ɗinta, hannu a cikin mayafi. Rana ta take ba ta yi ciniki ba. Wata mata mai gilashin ido ta ɗaga jaka ɗaya, ta leƙa ciki, ta yamutsa fuska.

"Ba kya jin kunya? Wannan ai samfurin nakasasshiyar nan ce kika sata. Ga shi ba tambari, ɗinkin ma na inji. Baiwar Allah na fama da marayu, ku masu lafiya kuna cin guminta."

Maƙwabtan tebur suka juyo. Yaya ta dubi jakunkunan da ta kwashe makonni tana yi, ta dubi matar. Sannan a hankali ta zaro hannun ta ɗora a kan tebur.

Matar ta dafe ƙirji. "Wayyo, ke ce! Ku zo, ita ce!" Ta kama hannun tana juya shi ta fuskar rana don hoton ya fito. Kafin la'asar teburin ya koma fayau.

Hotunan sun riga ta isa gida. Ta tarar da Auta a ƙofar ɗakin aikinta, ya harɗe hannuwa.

"Yaya, abin da kika yi yau kada ki sake. Na yi magana da lauya. Hannun nan da sunana aka yi masa rajista, alamar kamfani ce. Ki sayar da jakarki, ban hana ki ba, amma ba da shi ba."

Yaya ta dubi hannun nata. Ta juya wajen Inna, wadda ke tsaye da tsintsiya.

"To ke ma ki rufe abinki mana," in ji Inna. "Da ba ke ce mai son rufewa ba? Ki bar yaro ya nemi abincinsa."