Motar da Baffa Ya Tsare

Auta ta sake murɗa makullin, motar ko tari ba ta yi ba. Makanikin da ta ɗauko daga bakin titi ya cusa kansa cikin injin yana dubawa.

Ƙaramar bas ce fara, ita ta faɗo a rabon Auta da aka raba gadon mahaifinta. Lokacin tana 'yar makaranta, sai aka damƙa motar a hannun Baffa, ƙanen marigayin, ya riƙe mata har ta girma. To, ga shi ta girma. Ta koyi tuƙi, ta yi lasisi, har wata makaranta ta yarda ta ba ta jigilar yara in ta kai motar gobe an duba. In ba ta kai ba, akwai mai jiran aikin a bayanta.

Dangi sun so a sa motar haya a riƙa tara wa yarinya abin da ya samu. Baffa ya ce Allah ya sawwaƙe a wayi gari ana nuna shi a titi, ana cewa ga wanda ya ci dukiyar marainiya. Ya sa aka tura ta rumfar bayan gida, ya lulluɓe da tamfol. Duk mako sai ya wanke ta tas, ya goge gilasai, ya mayar da tamfol. Tayarwa kam bai taɓa bari an yi ba. Ranar da matarsa ke naƙuda ma, maƙwabci aka je aka roƙa ya kai ta asibiti, ga mota a gida tana sheƙi.

Makanikin ya ɗago yana goge hannu da tsumma.

"Ƙanwata, yaushe rabon motar nan da ta motsa?"

"Tun rasuwar babana."

"Kash! Ai ta bi shi. Inji ya cije da tsatsa, ɓeraye sun gama da wayoyi, tayoyin ma duba yadda suka tsattsage."

"Ba za ta tashi zuwa gobe ba?"

"Gobe?" Ya yi 'yar dariya, da ya ga fuskarta ya haɗiye sauran. "Sai an sake inji. Jikin dai kamar jiya aka saya, masu sayen ƙarfe za su yi rububinsa."

Auta ta juya ta dubi motar. Da sayar da motar Baffa ya yi ya cinye kuɗin, da ta san yadda za ta yi da shi. Ta tara dangi, ta zazzage masa, kowa ya taya ta. Amma wa za ta kai wa ƙarar mutumin da ya yi shekara da shekaru yana wanke mata mota? Ba don ita ya yi ba, sunansa yake wankewa, ita kuma ga ta da gawar ƙarfe. Haushi ya ishe ta har ta kai wa tayar shuri.

Matar Baffa ta leƙo da bokiti a hannu. "Na faɗa masa har bakina ya gaji, Auta. Cewa yake shaiɗan ne ke magana da bakina."

"Yau sai ya ji daga nawa bakin, Inna. Wallahi ba zan raga masa ba."

Sai ga sallamar Baffa. Tun kafin makaniki ya iso ya fita, ashe shaidu ya je nema. Ya shigo da dattawa biyu na unguwa, ya sa rigarsa ta zuwa taro, yana ta haki saboda sauri.

"Ga ta nan, ku duba da idonku," in ji shi. "Ko ƙwarzane babu. Auta, faɗi a gaban iyayenki. Na taɓa cin ƙwandala da motar nan? Na taɓa ɗora ko ɗana a kujerarta?"

Maganar da ta shirya tana bakinta. Ta dube shi. Ya ƙura mata ido kamar yaron da ke jiran sakamakon jarrabawa. Makanikin ya sunkuyar da kai yana ta tattara sifanoninsa.

"Ba ka taɓa ba, Baffa."

Ya sauke wani dogon numfashi, ya share ido da hannun riga, dattawan suna ta sa masa albarka.

"Alhamdu lillahi, yau na sauke," in ji shi. Sai ya rage murya, da 'yar kunya. "To, 'yar nan, tunda yanzu taki ce, ko za ki rage mini hanya zuwa kasuwa? Wallahi na daɗe ina marmarin shiga motar nan."

Bai jira amsa ba. Ya kakkaɓe takalmansa da kyau, ya tattare riga, ya hau kujerar gaba, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa yana kallon hanya.