Ranar Da Aka Hana Njata Kwanciya

Njata ta haihu da safiyar Lahadi, maraƙa mace, baƙa da fari, kuma tun daga lokacin Wangechi ta kasa zama wuri ɗaya. Gishiri ta zuba wa mijinta Ndirangu a shayi, ya shanye haka nan, don ya ga yau matarsa ba a ƙasa take tafiya ba. Coci ma ba ta je ba. Ta leƙa maraƙar, ta dawo ta ɗora ruwa, ta manta da shi, ta sake komawa ta leƙa.

Ba a ga laifinta ba. Njata ce kaɗai saniyarta, kuma bara ciwon hantsa ya kashe mata kan nono ɗaya, saura uku. Likitar dabbobi ta faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, in ciwon ya dawo to sai mahauta. Ta ce jiƙaƙƙen garin katakon da saniyar ke kwana a kai shi ne ya jawo. Ita ce kuma ta koya mata sabuwar shimfiɗa: a matse kashin saniya, a tara shi tsibi, a rufe, a riƙa juyawa har ya ɗau zafin da in ka soka adda a ciki ka zaro ba za ka iya riƙe ƙarfen ba, sannan a shanya shi a rumfar leda ya bushe ƙayau.

“Kuma na saniyarki kaɗai,” in ji likitar. “Ko saniyar uwarki ce, kada ki haɗa. Kowane turke da cutarsa.”

Mako shida Wangechi ta yi tana wannan aiki, duk ƙauyen nan na gefen garin Ol Kalou a ƙasar Kenya ana cewa ta fara dafa kashi. Su faɗa mana. Shimfiɗar ta fito laushi luɓus, ba wari, kamar garin ganyen shayi, har Ndirangu ya ce da zai samu irinta da ya huta da ciwon baya.

Bayan an tashi daga coci sai ga guɗa daga bakin hanya, sau huɗu cif, yadda ake yi wa ’ya mace a al’adarsu. Matan ƙungiyarsu ne su takwas cikin fararen ɗankwalaye, gwaggon Ndirangu a gaba, Maman Gichuki, wadda ko limamin coci ba ya katse mata magana. Wangechi ta gama tatsa ke nan. Ta ajiye bokiti ta ruga aka rungume juna, aka taka rawa a cikin laka, wata ta ce maraƙar hancin Ndirangu ta ɗauko, aka kwashe da dariya har da riƙe ciki.

“Ku shiga ku zauna, yanzu shayi zai sauka!” in ji ta, ta faɗa madafa. A cikin murna ba ta lura da baro uku da aka jingine a bayan shinge ba.

Ai ba a zuwa barka hannu sake. Matan nan sun zauna sun yi shawara, sun ce tunda kashin shanu ’yar’uwarsu take so yanzu, to kashin shanu za a kai mata, kowacce ta ɗebo na turkenta da safe, sabo fil. Da zuciya ɗaya suka yi. Maman Gichuki ta dubi shimfiɗar Njata ta ce wannan ai ta yi kaɗan, mai jego za ta ji ƙasa. Ndirangu ya buɗe baki, gwaggonsa ta dube shi, ya rufe. Shi da kansa ya tura baro na farko, shi ya kwance saniyar daga wurin tatsa.

Wari ne ya fito da Wangechi, da buta a hannu. Ta ga Njata tsaye a kan ɗanyen kashi kore shar, tana sunsuna shi, ta fara lanƙwasa gwiwar gaba. Saniyar da aka gama tatsa ƙofar nononta a buɗe take kusan rabin awa, in ta kwanta a kan wannan shi ke nan.

“Kada ta kwanta!” Butar ta tafi can. “Wayyo ku riƙe ta! Kada ku bari ta kwanta!”

Ta tsallake katanga ta sa kafaɗa a ƙirjin saniyar. Ndirangu ya ja igiya, amma Njata ta wuni a tsaye, ta ga gado, ko gezau. Matan ba su san me ya faru ba, sun dai ji an ce a riƙe, to fa suka duro gaba ɗaya da takalman coci. Biyu a wuya, biyu a kowane gefe, ɗaya ta kama wutsiya ta ɗaga sama kamar mai riƙe tuta.

“Me ta yi?”

“Ke dai tura!”

“Ni fa mijina ma ban taɓa tallafe shi haka ba!”

“Shi ai ba ya ba da lita ashirin!”

Dariya ta kusa kayar da su, saniyar ta yi ƙasa kaɗan, aka kurma ihu aka ɗago ta. Wata ta yayumo ciyawa tana kaɗa mata a hanci tana lallashi, “Ci mana, ’yar albarka, ci mana.” Wata ta tayar da waƙar coci don a haɗa ƙarfi, sauran suka amsa suna nishi. Wangechi kuwa ta fizgi shebur ta shiga ƙarƙashin saniyar tana kwashewa tana watsowa waje, tana dariya hawaye na zuba, ita kanta ba ta san wanne ne na tsoro ba.

“Ndirangu, ruwan zafi! Da farar ƙasa! Mutum kamar turmi, ka tsaya kana kallona!”

Maman Gichuki ce kaɗai ba ta taɓa saniyar ba. Tana tsaye a bakin turke, hannu a ƙugu, tana kallon kyautarta na sauka a cikin laka shebur bayan shebur.

“Matar ɗana,” ta ce, muryarta ta yanke waƙar. “Kashin da na kawo ne kike zubarwa?”

Wangechi ta ɗago daga ƙarƙashin cikin saniya, kashi har gwiwar hannu. Shekara goma sha huɗu tana gidan nan ba ta taɓa ce wa tsohuwar a’a ba. Lokacin da ta haifi ɗanta na fari, wannan matar ce ta kwana bakwai tana dafa mata romo. Kunya ta rufe ta, amma shebur ɗin bai bar hannunta ba.

“Naki ne, Iya. Ki yafe ni.”

“Kashin saniyata ya fi na taki wari ne?”

“Ba wari ba ne, Iya. Ɗanye ne, kuma daga wani turke. In akwai cuta a ciki, nonon nan uku za ta shiga, kuma ba ni da na huɗu.”

Wangechi ta koma ƙasa ta ci gaba da kwashewa. Aka kankare har siminti, har da shimfiɗar da ta yi mako shida tana yi, don ta riga ta gauraye. Aka wanke da ruwan zafi, aka barbaɗa farar ƙasa, aka wanke wa Njata kofatai, aka tsoma kan nonon uku a ruwan magani. Ndirangu ya yi ta jigilar busasshiyar da ta rage a rumfa da buhu, a guje, don ya san yau akwai shari’a a gidan.

“A sake ta,” in ji Wangechi.

Suka janye hannuwa. Njata ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya ƙyam, ta fara tuƙa.

“Ka ji ’yar banza! Yanzu kuma ba ta so!”

Sai da suka gama zaginta tas sannan ta durƙusa, ta sauke jikinta a kan busasshiyar shimfiɗa ta ja dogon numfashi. Matan suka zube a kan buhuna, fararen ɗankwalaye sun koma kore, kowacce na nuna ’yar’uwarta tana kyakyatawa. An manta da shayi.

Wangechi tana wanke hannu a bakin tanki sai ta ji an tsaya a bayanta. Maman Gichuki ce. Ta shirya jin faɗa, ta sunkuyar da kai. Amma tsohuwar ƙasa-ƙasa ta yi magana, yadda sauran ba za su ji ba.

“Tawa saniyar mako biyu ke nan nononta na fita da gudaji. Jiya har da jini. Sau uku masu sayen madara suna mayar mini da ita a wurin awo, ban gaya wa kowa ba.” Ta dubi tsibin da ke cikin laka. “Daga ƙarƙashinta na ɗebo miki, inda ya fi laushi.”

Wangechi ta zauna daɓas a kan dutsen wanki. Ta juya ta dubi Njata, tana kwance tana tuƙa, hantsarta a kan busasshen wuri. Sannan ta dubi tsohuwar.

“Iya,” ta ce, “zauna ki sha shayi. In an watse mu kira likita, ni zan raka ki.”