Gwaggo Ta Ƙi Amsawa

Sau uku Tan Guifen ta ƙwanƙwasa bakin tafkin da cokali, Gwaggo ba ta zo ba. Tana can ƙurya ta kafa dogon bakinta a bango, katuwar kifanya mai tsawon mutum biyu, irin da ya kusa ƙarewa a kogin Yangtze.

Shekara shida Guifen ta yi tana lallashi kafin Gwaggo ta yarda da wannan kira. In ta zo sai ta kwanta, a shafi yauƙin bayanta da auduga a kai ɗakin gwaji, a san lafiyarta ba taru ba allura. Bana audugar ta nuna tana ɗauke da ƙwai, karon farko tun zuwanta wannan cibiyar kiwon kifi, kuma firgita ɗaya ta isa ta narkar da su a cikinta. Shi ya sa da Guifen za ta tafi sharar kabarin mahaifinta, ba ta ba kowa cokalin ba sai Qiu Deming, abokin aikinta na shekara ashirin. Kwana uku kacal ta yi.

Ta durƙusa ta leƙa. Ga shatin taru nan raɗau a haƙarƙarin Gwaggo.

"Yaya Tan, an dawo lafiya?" Deming ne a bayanta, riƙe da kwanon taliya. "Na sa miki barkonon yadda kike so."

"Da cokalina ka kira ta?"

Ya ajiye kwanon a hankali. "Manya ne suka zo daga lardi. Suka ce auduga wasan yara ce, su sai sun ga jini. Darakta ya dube ni a gaban baƙi. In ce a'a, in zubar masa da mutunci?"

"Da kun bi ta da taru, ai ta san da maƙiyi take yi. Kai kuwa kiranta ka yi, ta zo da kanta ta kwanta maka, kuka rufe ta da taru."

"Minti goma ne fa, Yaya."

Daraktan bai ba Guifen haushi ba, shi dama ko sunan kifin bai sani ba. Deming ne ya ƙona mata rai, wanda ta kama hannunsa ta koya masa yadda ake bugawa. Da ɗan gari akan ci gari.

Wajen ƙarfe goma darakta ya shigo yana kaɗa takarda, baki har kunne.

"Barka, Malama Tan! Abin da jini ya nuna, shi audugarki ta nuna, ba ragi ba ƙari. An amince da hanyarki, taru ya yi ritaya. Jibi masu ɗaukar hoto za su zo, sai ki kira ta su gani."

Guifen ta miƙe ta karkaɗe gwiwarta, ta sa wa Deming cokalin a aljihun riga.

"Ga mai kiran nan, ranka ya daɗe," ta ce. "Shi ta amsa wa na ƙarshe."