Keken Ɗinki a Gaban Bagade

Kekunan ɗinki biyu ne a shagon Mama Tela: tsohon da ta koyi sana'a a kansa, da wani sabo mai lantarki wanda ko 'yarta ba ta bari ta taɓa. Bara, tana cikin yanka yadi, almakashi ya suɓuce mata, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Likita ya ce ɓarin jiki ne ya shanye, sai kwanciya da haƙuri.

Ga kayan mutane jibge a shago. Matan zumuntar ikilisiyarsu ba su tsaya neman izini ba. Uwar zumunta ta karɓi makulli, ta raba aiki: masu yi mata wanka, masu girki, masu hawa keke. Matar fasto, wadda rabonta da allura tun tana makaranta, ta ɗinka wa wani malami wando, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Da aka kai wa Mama Tela ta gani, ta yi dariya har da hawaye. Ranar ce harshenta ya fara saki.

Da ta miƙe, hannu ya dawo, sai ta ce da 'yarta ta goge sabon keken, za ta kai shi coci baiko, kyautar godiya ga Allah.

"Haba Mama, ki ba da tsohon mana! Wannan ai shi ne cinmu."

"Da matan nan suke juya ni a gado, ragowar ƙarfinsu suka kawo mini? Goge shi kawai. Da tsohon nan na raine ki, kuma ba ki taɓa kwana da yunwa ba."

Ranar Lahadi ana tsakiyar waƙar baiko, sai ga ta ta shigo, ƙaninta na biye yana turo keken a baro, taya na ta kuka. Mawaƙa suka rikice. Ta wuce kai tsaye har gaban bagade, inda ake ajiye baiko.

Fasto ya dubi keken, ya dube ta. "Mama, mun gode wa Ubangiji. Amma wannan ai ba zai shiga kwandon baiko ba."

Jama'a suka kwashe da dariya.

"Ba kwando zai shiga ba, Fasto. Ɗakin bayan nan da kuke tara karyayyun kujeru za a share masa. Duk Asabar ina nan. Wanda ke son koyo ya zo, ko zare kada ya kawo. Allah ne ya mayar mini da hannun nan, ba zan zauna a kansa ba."

Mata suka yi tsammanin su za su cika ɗakin. Amma wanda ya riga kowa zuwa shi ne tsohon da ke kaɗa ƙararrawa, wanda matarsa ta rasu, riƙe da rigunan jikokinsa duk a yage.

"Baba, kai ma?"

"An ce wanda ke so. Ban ji an ce mata kaɗai ba."

Ta ja masa kujera, ta ɗora ƙafarsa a kan mataki. Ya danna da ƙarfin jan igiyar ƙararrawa, yadi ya zura a guje, allura ta karye.

"Sannu a hankali, Baba. Ba sujada kake kira ba."

Ta sa wata allurar, suka sake. Kafin damina ta fita, shi ke nuna wa sababbin zuwa yadda ake zura zare, yana yi musu faɗa in sun yi gaggawa.