Sharar Gindin Mangwaro

Tun da damina ta sauka Inna Jummai take zaune da abin kunya a cikin gidanta. A layinsu na Gyadi-Gyadi, in ana maganar tsafta da ita ake buga misali. Mace ce da ko tsinke ya faɗi a tsakar gidanta sai ta san daga inda ya fito. Amma ga shi can a lungun gindin mangwaro ganye ya taru ya yi tsibi, na ƙasa ya ruɓe ya yi baƙi, na sama kullum ƙaruwa yake. Har da igiya aka kewaye shi, kamar wani abin arziki.

Autarta Zahra'u ce ta kewaye. Digiri na biyu take yi a jami'a, a kan wasu gizo-gizo 'yan mitsi-mitsi masu zama cikin ruɓaɓɓen ganye. Ta sha yi wa Inna bayani cewa da kyar suke kai girman ƙwayar riɗi, ba sa saƙa yana su jira ƙuda, yawo suke suna farauta, kuma Turawa sun laƙaba musu sunan wasu ƙananan aljanu na cikin tatsuniyoyinsu.

"To su aljanun naki ba sa iya zama a wuri mai tsafta?" in ji Inna.

"Tsaftar ce ke kashe su, Inna."

"Allah ya kyauta. Mu dai da ita aka raine mu, ga mu kuma da ranmu."

Duk da haka ta daure. Ta san abin da ke damun yarinyar: 'yan kaɗan ɗin da ta kama ta sa a kwalba duk ba su balaga ba, kuma ba a gane irinsu sai sun balaga. Malamar da ke duba aikinta, Dakta Nkolika, ta ce za ta zo da kanta ta duba wurin. In ba a samu manya ba, to a sauya batun bincike, shekara guda ta tafi ke nan.

Ranar zuwan, Zahra'u ta fita da sassafe don ta tarbo malamar daga Hotoro. Inna ta ɗora dambu, ta tace zoɓo, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta tsaya bakin madafa tana duban gidan kamar yadda baƙo zai gan shi in ya shigo, sai idonta ya sauka kan tsibin nan. Malamar jami'a guda, mace mai daraja, ta sallamo ta ci karo da juji? Me za ta je ta ce game da uwar da ta haifi ɗalibarta? Ai ƙwarin suna cikin kwalabe a ɗaki, Inna ta gaya wa kanta, su za a nuna. Ganye kuwa bishiya ba ta daina zubarwa.

Ta kwance igiyar ta naɗe ta da kyau. Ta ɗauko tsintsiya. Rabon da ta ji daɗin shara irin na ranar har ta manta. Ta kwashe ganyen tas har ƙasa, ta cika buhuna, ta yayyafa ruwa, wurin ya yi fes. Isyaku, maƙwabcinsu mai adaidaita sahu, yana shirin fita aiki, ta roƙe shi ya sauke buhunan a Tarauni wurin ƙanenta Mu'azu, mai sayar da dashen itatuwa da furanni a bakin titi, wanda ba ya ƙin ganye don haɗa taki.

Da hantsi suka iso. Dakta Nkolika doguwa ce, da takalman roba a ƙafa da jaka a kafaɗa, haifaffiyar Kano, Hausa a bakinta kamar ta 'yan cikin gari. Ta durƙusa ta gaida Inna, aka tambayi gida da aiki da ruwa. Inna tana cikin cewa a zauna a sha zoɓo ta lura Zahra'u ba ta zauna ba. Tana tsaye tana kallon gindin mangwaro.

"Inna, ina ganyen?"

Muryar ba ta tashi ba, shi ya sa ta fi shiga jiki. Inna ta dubi 'yarta, ta dubi takalman robar baƙuwa, sai a lokacin ta gane abin da aka zo gani.

"Na share, Auta. Na ga baƙuwa za mu yi."

Dakta Nkolika ta dubi wurin da ya sha shara, ta rufe baki da hannu, kafaɗunta suka soma rawa. Dariya take yi.

"Mama, wallahi da uwata ce haka za ta yi. Ƙonawa kika yi?"

"A'a, yana Tarauni. Wurin ƙanena, zai yi taki da shi."

"To zoɓon ya jira mu. Kina da rariya? Da farin zane da ba kya so?"

Inna ba ta da farin zanen da ba ta so, amma ta ɗauko wanda take so. Ta zari mayafi, ta riga su fita. A cikin adaidaita Zahra'u ta yi ta kiran wayar kawunta ba ya ɗauka. Inna ta rungume rariyar a cinya, zuciyarta tana ga ramin da Mu'azu ke zuba ganye ya haɗa da kashin shanu ya kwarara ruwa.

Sun same shi a bakin ramin kuwa, da shebur a hannu. Ya riga ya juye buhu ɗaya ya cakuɗa. Sauran suna jingine a inuwa, bakinsu a ɗaure.

"Mu'azu, ajiye shebur ɗin nan."

"Yaya, lafiya? Da kanki?"

"Sharata na zo karɓa."

Mu'azu ya dube ta, ya dubi rariyar, ya dubi baƙuwar da ke naɗe hannun riga.

"Ikon Allah. Na ga wanda ya biyo bashi, na ga wanda ya biyo mata, yau na ga wadda ta biyo shara. Ko tuwonta za a yi?"

"Kawu, aikina ne a ciki," in ji Zahra'u.

"Au, ƙwarin nan naki? To bismillah, ku zo nan inuwa."

Aka shimfiɗa farin zanen tsakanin layukan dashen gwaiba. Dakta Nkolika ta debi ganye ta zuba a rariya ta soma girgizawa, Inna ta kalle ta kaɗan, ta kasa haƙuri.

"Kawo nan, 'yata. Ba haka ake tankaɗe ba."

Ta karɓa ta zauna ta miƙe ƙafa, tana bugun gefen rariyar da tafin hannu. Baƙin gari ya dinga zubowa kan zanen. Malama da ɗaliba suka duƙa, kowacce da gilashin ƙara girma, suka ce a dakata, a bar garin ya natsu, mai rai zai motsa da kansa. Tururuwa suka fara fita, sai gara, sai wasu ƙwari masu tsalle. Aka kaɗe aka sake. Aka kuma sakewa. Gumi ya jiƙe wa Inna wuya, buhun da suka fara buɗewa ya kusa ƙarewa.

Inna ce ta fara ganinsa, don idon da ya saba tsintar tsakuwa a shinkafa ne. Wani ɗan ɗigo ja-ja, yana tafiya a hankali, sai ya zabura, sai ya tsaya.

"Wancan fa, mai kalar manja?"

Zahra'u ta kai gilashi. Ta daɗe a duƙe. Da ta ɗago, idonta ya kawo ruwa.

"Malama, namiji ne. Babba."

Dakta Nkolika ta duba, ta gyaɗa kai, ta miƙa wa Inna gilashin. Inna ta kanne ido ɗaya. Abin da ta ɗauka ɗigo ne sai ga shi da ƙafafu takwas, bayansa yana sheƙi kamar an shafa masa mai, idanunsa a cure wuri guda.

"Sulke ne a jikinsa?"

"Kusan haka, Mama. Wasunsu suna da wannan ɓawon ciki da baya, wasu jikinsu taushi ne. Da shi ake fara raba su. Yawancinsu ido shida gare su, ba takwas ba irin na sauran gizo-gizo, akwai ma makafi da ke zama a gidan gara. Waɗanda aka sa wa suna sun haura dubu, waɗanda ba a sa wa ba kuwa Allah kaɗai ya san yawansu."

"Duk a cikin shara."

"Yawanci."

Kafin azahar sun kama wasu, har da iri na biyu, fari-fari marar ɓawo, wanda Dakta Nkolika ta ce ba za ta yi saurin faɗin sunansa ba sai an kai shi ƙarƙashin babban madubin ƙara girma. Mu'azu ya bar masu sayen dashe suna jira, ya durƙusa shi ma yana nuna kowace tururuwa yana cewa ga wani. Zahra'u tana ɗaukar su da ɗan burushi tana sawa a kwalaben sifirit, tana dariya ba dalili.

Malamar ta zauna kan wani juyayyen bokiti ta goge fuska.

"Zahra'u, aikinki ya tsira. Wurin can ya lalace, sai ya sake taruwa, wannan kam asara ce. Amma tunda suna cikin gari, gida ɗaya ba zai isa ba. Ina son gidaje da yawa, masu bishiya, waɗanda ba a cika damunsu da tsintsiya ba. Matsalar ita ce yadda za mu same su. Ba a ƙwanƙwasa ƙofa a ce wa matar gida an ji labarin ƙazantarta."

Inna Jummai ta kaɗe rariyarta, ta gyara zama.

"Wannan ku bar mini. Daga Gyadi-Gyadi har Daurawa babu wanda ban sani ba. Akwai gidan Rabi mai ƙosai, bayan ɗakinta rabonsa da shara tun auren 'yarta ta fari. Akwai gidan mai unguwa ma, amma wannan a hankali za a shiga."

"Yaya, gulma ce fa wannan," in ji Mu'azu.

"Bincike ne. Buɗe wani buhun."